Lasisina Ya Mutu Da Sauran Shekara Biyu A Jikinsa

Katin lasisin da na shiga Birtaniya da shi yana nan cikin jakar takarduna har yau. A jikinsa akwai hotona, da irin motocin da aka yarje mini in tuƙa, da ranar da zai daina aiki. Lokacin da na sauka, saura shekara uku da 'yan watanni wannan rana ta zo. Da ita na yi ta lissafi, ita ce kuma ta yaudare ni, don dokar can ba ruwanta da ita. Nata lissafin yana farawa ne daga ranar da mutum ya zama mazaunin ƙasar, kuma wata 12 ne, ba ƙari.

A watan Satumba aiki ya kai ni wani gari a tsakiyar Ingila, ni da iyalina. Kafin ƙarshen shekara na sayi wata 'yar tsohuwar mota mai giya biyar, na yi mata inshora da lasisin da na zo da shi, ba wanda ya ce mini uffan. Abin da na ɗauka shi ne wahalar tuƙi a can shi ne hannun hagu. Sati biyu na yi ina kai wa murfin mota duka da hannun dama duk lokacin da zan canza giya, sau biyu kuma na buɗe ƙofar fasinja na zauna ina neman sitiyari. Daga nan hannu ya saba. Na ce shi ke nan, na ci gari.

Akwai wani dattijo da ya haura shekara ashirin a ƙasar, wanda duk mu baƙi muke kira Alhaji. Wata rana a watan Afrilu na rage masa hanya, muna tafe yana kallon yadda nake tuƙi, bai ce komai ba sai da na tsaya a ƙofar gidansa.

"Malam, a wane wata ka ce kun shigo?"

"Satumba, Alhaji."

Ya shiga lanƙwasa yatsu. "Bakwai ke nan. Ka karɓi lasisin koyo?"

Na yi dariya. "Na koyo kuma, Alhaji? Ai shekarata 16 a kan sitiyari, ban taɓa ko gogar wani ba."

"Ban tambaye ka shekarunka a sitiyari ba, ɗana. Nan da wata biyar, in ba ka ci jarrabawarsu ba, kai da yaron da bai taɓa taka kuloci ba ɗaya kuke a wurin 'yan sanda. Je ka ka duba, kada ka ce ni na faɗa."

A daren nan na zauna a shafin gwamnati na intanet, inda ake amsa 'yan tambayoyi a gaya wa mutum matsayinsa. Sai na ga ashe baƙi kashi-kashi ne. Wanda ya ci jarrabawarsa a wata ƙasa ta Tarayyar Turai, zai ci gaba da tuƙi da katinsa har ya kai shekara 70. Akwai kuma wasu ƙasashe da aka ware, irin su Kanada, Ostireliya, Japan, Koriya ta Kudu, Singafo da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa: su ma wata 12 za su yi da katin ƙasarsu, amma suna iya miƙa shi a musanya musu da na Birtaniya ba tare da jarrabawa ba, muddin ba su wuce shekara biyar da zama ba. Na bi jerin nan sau uku da yatsa. A duk nahiyar Afirka ƙasa biyu na gani, Afirka ta Kudu da Zimbabuwe. Tamu ba ta ciki. Mu kashi na uku ne: wata 12, sannan a koma farko kamar ɗan shekara 17.

Washegari a wurin aiki na tayar da maganar, sai ga malamai sun yi yawa. Wani ya ce ai yana da lasisin ƙasa da ƙasa, shi wannan doka ba ta hau kansa ba. Wannan ɗan littafi da yake taƙama da shi fassara ce kawai ta lasisin da kake da shi, an tsara shi a ƙarƙashin yarjejeniyoyi irin ta Janeba ta 1949 da ta Biyana ta 1968 don jami'in wata ƙasa ya iya karanta abin da aka ba ka izini. Ba ya tsayawa shi kaɗai, ba ya kuma ƙara wa wata 12 ɗin ko kwana guda. Wani kuma ya ce dabarar ita ce ka fita ƙasar ka dawo, lissafi ya koma sabo. Wannan ta fi haɗari don akwai ƙwayar gaskiya a cikinta: mai ziyara, wanda ya zo ya koma, daga shigarsa ta ƙarshe ake ƙirga masa. Mazauni kuwa daga ranar da ya fara zama ne, ko sau goma ya je hutu ya dawo. Na ukun ya fi su wayo, ya ce a je wata ƙasa da ke cikin jerin a musanya a can, sannan a kawo nan a sake musanyawa. Su ma sun san wannan hanya. Abin da suke tambaya shi ne a wace ƙasa ka ci jarrabawar tun asali, ba wace ƙasa ce ta buga maka katin ƙarshe ba.

Abin da ba wanda ya gaya mini, wanda kuma shi ne ƙashin bayan zancen, shi ne wata 12 ɗin nan ba 12 ba ne. Ba a barin mutum ya zauna jarrabawa, ta kwamfuta ko ta kan titi, sai ya yi kwana 185 a ƙasar cikin shekarar da ta gabata. Wato rabin farko na wa'adin ba ka da ikon yin jarrabawar ko kana so. Abin da ya rage wata shida ne, a cikinsu za ka ci ta farko, ka nemi rana, ka ci ta biyu. Mai hankali yana amfani da watannin farko ya karɓi lasisin koyo, ya yi karatu, ya ɗauki darasi, ranar da kwana 185 suka cika yana shirye. Ni kuwa na kashe su ina yabon kaina na iya hannun hagu.

Lasisin koyo bai ba ni wahala ba. Hukumar DVLA da ke Swansea ce ke bayarwa. Na cika fom a intanet, na biya fam 34, na ba da adireshin wuraren da na zauna cikin shekara uku da shaidar izinin zamana, ba da jimawa ba kati mai launin kore ya iso ta gidan waya. Wani sassauci da na samu: tunda na karɓe shi cikin wa'adina, ba sai na liƙa jan harafin L a mota ba, ba sai na ɗauki mai sa ido a gefe ba, har ranar da wata 12 suka cika. Na zama mutum mai kati biyu a aljihu, ɗaya ya ce ni direba ne, ɗaya ya ce ɗan koyo.

Jarrabawar kwamfuta fam 23 ce, kashi biyu a zama ɗaya. Na farko tambayoyi 50 cikin minti 57, ana son ka ci 43. Da Turanci ake yi ko harshen Wales, tun 2014 aka daina yarda da tafinta. Na sayi littafin dokokin hanyarsu, wanda aka fara bugawa tun 1931, na yi masa karatun haddar allo. A nan na fara gane yawan abin da ban sani ba a titin da na yi wata bakwai ina bi. Ban san cewa a Ingila inda duk aka jera fitilun titi, in ba a sa wata alama ba, iyakar gudu mil 30 ne a awa ba. Ban san farin da'ira mai baƙin layi a karkace yana nufin mil 60 a hanya guda, 70 a tagwayen hanya ba. Ban san haramun ne a danna hon mota na tsaye ba, ko a cikin unguwa daga 11:30 na dare zuwa 7 na safe. Ban kuma san cewa tun Janairun 2022 mai ƙafa da ke jiran tsallaka titin da za ka karya ka shiga shi ne da hanya ba, kai za ka tsaya masa. Mutum nawa na wuce ta gabansu a haka, Allah kaɗai ya sani.

Na ci 48 a tambayoyin. Kashi na biyu ne ya kayar da ni. Bidiyo 14 ake nuna maka kamar kana cikin mota, ka danna da zarar ka ga haɗari na tasowa. Kowane haɗari maki biyar ne in ka gan shi da wuri, yana raguwa in ka makara, ɗaya daga cikin bidiyon yana da haɗari biyu, jimla 75, ana son 44. Na ci 41. Abin haushin, ba makara na yi ba, riga su na yi. Tsohon direba yana hango yaro a bakin titi tun daga nesa, ransa ya ba shi zai tsallako, ya danna. Ita kuwa kwamfuta ba ta fara ba da maki sai yaron ya ɗaga ƙafa. Dannawar da ka yi kafin nan ta tafi a banza. In kuma ka ce bari ka yi ta dannawa ba ƙaƙƙautawa, ta ɗauke ka mai maguɗi ta ba ka sifili a wannan bidiyon. Da na koma bayan mako biyu, na koyi danna ɗaya lokacin da na hango, in ɗan numfasa, in sake dannawa. Na haye. Takardar da aka ba ni shekara biyu take aiki, in ba ka ci ta kan titi a cikinsu ba, ka sake ta kwamfuta.

Lokacin an shiga Yuni. Na buɗe shafin neman ranar jarrabawar titi da tunanin zan zaɓi sati mai zuwa ko na sama. Cunkoson da annobar korona ta bari bai gama washewa ba. Ranar farko da na samu a kusa da mu tana cikin Disamba, wata uku bayan mutuwar wa'adina. Na biya fam 62 na riƙe ta, don da babu gara ba daɗi, sannan na shiga farautar ranakun da wasu suka fasa. Kullum da asuba, kafin in wanke ido, waya na hannuna.

A tsakanin nan na ɗauki malamar tuƙi, bisa matsin Alhaji, don ni a raina ɓarnar kuɗi ce, awa guda ta haura fam 30. Ya ce in tabbatar akwai koren kati a gilashin motarta, shi ne shaidar cikakken malami, mai ruwan hoda na wanda bai gama horo ba ne. Baturiya ce da ta manyanta, ba ta da yawan magana. Ta ce in tuƙa yadda na saba na minti ashirin, ita ba za ta ce komai ba. Na tuƙa tuƙin da nake alfahari da shi. Da muka tsaya ta ce motar tana jin maganata, wannan ba shakka, amma da jarrabawa ce na faɗi sau huɗu.

Ta lissafo. Ina taka kuloci tun daga nesa in bar mota ta gangara da kanta zuwa mahaɗa. Ina ba wa mutane hanya da walƙiyar fitila, alhali a dokarsu ma'anar walƙiya ɗaya ce, ga ni nan. Na tashi daga gefen titi ban waiga ta kafaɗa ba. Na wuce mai keke da ratar da ba ta kai mita ɗaya da rabi ba. Sai madubi. Na rantse mata ina duba madubi. Ta ce ta yarda, amma da wutsiyar ido nake dubawa, kuma ina dubawa ne bayan na riga na yanke shawara. Su abin da suke so, madubi tukuna, sannan sigina, sannan motsi, kuma abin da ka gani a madubin ya zama shi ne ya sa ka yi ko ka fasa.

Ban taɓa sanin abin da ake nufi da sabo turken wawa ba sai a kujerar nan. Yaro ɗan 17 abu ɗaya yake yi, yana koyo. Ni biyu nake yi, ina kwance tsohon ɗinki ina sabo, ga shi kuma da na sauka daga motarta zan shiga tawa ni kaɗai, ƙafa ta koma gidanta na jiya. Shataletale ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, ba don juyawa ta hagu ba, wannan na saba. Layi ne matsalar: wanne za ka shiga tun kafin ka iso, yaushe za ka kunna sigina ta fita, yaya za ka bi zanen da ke fitar da kai a hankali ba tare da ka yanke wa na gefe ba. A wata bakwai na farko ina ratsa su ne da addu'a da ƙarfin hali.

A ƙarshen Agusta na kama wata rana da wani ya saki, saura kwana goma sha wani abu wa'adina ya cika. Na ce Allah ya kawo mafita.

Mai jarrabawar ya duba koren katina, ya sa na rattaba hannu, muka fita. Abu na farko, ka karanta lambar wata mota daga nisan mita 20, in ka kasa an gama, ba za a ko tayar da mota ba. Sannan tambaya ɗaya kan lafiyar mota kafin a tashi, wata kuma kana cikin tafiya. Ni ya tambaye ni yadda zan san taya na da sauran rai, na ce zurfin zanenta kada ya gaza milimita 1.6. Tuƙin kansa kamar minti 40 ne, a lokacin wajen rabinsa kana bin na'urar nuna hanya da shi ya kawo ya saita. Ana yafe ƙananan kurakurai har 15. Babba ko guda ɗaya ba a yafewa.

Komai ya tafi daidai. Fakin da baya tsakanin layi biyu na yi shi kamar da ruwa. Muna dab da komawa muka iso wata mahaɗa inda zan fito daga ƙaramin titi in shiga babba. Na duba dama, ga wata farar motar kaya tana tahowa. Na auna ta da idon shekara 16, na san zan shige, na kuma shige, ko hon bai yi mini ba. Da muka tsaya na kashe mota, mutumin ya dubi allon da ke cinyarsa ya ce yana baƙin cikin shaida mini ban yi nasara ba. Ƙananan kurakurai uku kacal. Babba ɗaya: mai motar kayan ya ɗaga ƙafa daga totur saboda ni.

Na yi kwanaki ina jin an zalunce ni. Ba a yi karo ba, ba a yi kusa da karo ba. Sai a hankali na gane ma'auni biyu ne suka haɗu a mahaɗar nan. Nawa ma'aunin, wanda na rayu da shi tun ina saurayi, shi ne: na wuce lafiya? Nasu kuwa: akwai wanda ya rage gudu ko ya kauce saboda kai? A nawa, ɗayan direban abokin aiki ne, zai ɗan sassauta in shige, gobe ni ma in sassauta wa wani. A nasu, ba ka da ikon sa shi cikin lissafinka sam. Har yanzu ban ce nawa ba shi da hikima ba. Amma ba a titina ake jarrabawar ba.

Wanda ya faɗi sai ya jira aƙalla ranakun aiki 10 kafin ya sake, ga shi kuma ranar Disamba ta tafi tunda da ita na musanya. Sabuwar da na samu tana cikin Janairu.

Daren ƙarshe na wa'adina na dawo daga aiki ta babbar hanyar da suke kira motowe, ina mil 70, ni kaɗai, bisa doka. Na ajiye motar a ƙofar gida. Da gari ya waye, ni ne dai, motar ce dai, titin ne dai, amma ba ni da ikon matsar da ita zuwa kan kwana sai da jan L gaba da baya, da wani a gefena wanda ya haura shekara 21 kuma ya yi shekara uku da cikakken lasisi. Motowe kuwa ta haramta gare ni sai tare da malami a motar da ke da birki biyu. A nan ne nake da ja da tsarin, kuma ban canza ra'ayi ba. Ranar da na fi kowace rana haɗari a ƙasar nan ita ce ranar farko, ina laluben giya a jikin ƙofa, ban san ma'anar rabin alamomin titi ba. A ranar doka ta sakar mini hanya. Sai da na shekara ina bin titin, na ci jarrabawar dokoki, na yi darasi goma sha biyu, sannan ta ce ban isa in fita ni kaɗai ba. Na san dalilin: an ba baƙo lokaci ne ya kintsa, ba shaidar ƙwarewa aka ba shi ba. Sanin dalili bai hana abin zama bambaraƙwai ba.

Na kira kamfanin inshora na shaida musu matsayina ya canza, aka gyara takarda. Maiɗakina ta tsaya a taga tana kallona ina manna L a bayan mota.

"Maigida, yanzu yaran fa? Makaranta da safe?"

"Bas za mu bi."

"Har Janairu?"

"In Allah ya sa na ci a Janairun."

Wata huɗu muka yi a haka, kuma su ne watannin sanyi, lokacin da ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara. Tafiyar minti 20 zuwa aiki ta koma awa ɗaya da kwata da bas biyu. Mota na ajiye ina biya mata haraji da inshora, ina wuce ta da lema a hannu.

Masu ba da shawara ba su ƙare ba. Wani abokin aiki ya ce shi shekararsa uku yana tuƙi da katin gida, ba wanda ya taɓa tare shi, kyamarorin titi lambar mota suke karantawa, ba fuskar direba ba. Gaskiya ya faɗa, kuma ba zan ɓoye ba, akwai safiyar da ruwa ke zuba na tsaya da makulli a hannu na daɗe. Abin da ya mayar da shi aljihu lissafi ne, ba tsoron Allah kaɗai ba. Ba sai ka yi laifi za a tambaye ka lasisi ba, ya isa wani ya buge ka ta baya a danja. Daga nan tuƙi ba bisa ƙa'idar lasisi ba makin laifi 3 zuwa 6 ne da ake rubuta maka a lasisi, da tarar da za ta iya kai fam 1,000. In aka ce inshorarka ba ta rufe ka ba, wannan wani laifin ne daban, mafi ƙanƙantar hukuncinsa fam 300 da maki 6, kuma ana iya ɗauke motar a wurin. Makin ba ya ɓacewa don ka ci jarrabawa daga baya, yana bin ka zuwa sabon katin. Sannan ga fom ɗin sabunta izinin zama, wanda ke tambayar laifuffukan da aka taɓa samun mutum da su, har da na tuƙi. Baƙo ba ya faɗuwa sau ɗaya, in ya faɗi a titi sai ya ji ciwon a wani ofishin.

Alhaji ne ya riƙe ni. Duk Asabar da safe zan bi shi gida a ƙafa, mu dawo tare, ya zauna a gefena mu yi awa biyu muna zaga mahaɗu da shataletale. Doka ta hana mai sa ido taɓa waya kamar yadda ta hana direba, ta kuma hana shi karɓar ko kwabo in ba malami ne mai rajista ba, don haka ko na so in saka masa ba hali. Ba ya gyara mini komai. In na zo mahaɗa na fara auna wata mota, sai in ji ya yi gyaran murya.

"Alhaji, ai da sauran rata."

"Akwai. Bar ta ta wuce, ɗana, ba gudu za a yi da titin ba."

Sai kuma na zarce. Na koma mai jira har malamata ta ce wannan ma kuskure ne da suke rubutawa, tsayawa inda ya kamata a tafi, da rarrafe a titin da ya kamata a yi gudu. Wanda ke tafiyar mil 40 a hanyar 60 ba dalili, shi ma yana iya faɗuwa. Tsakanin gaggawa da nawa akwai wani ɗan siririn wuri, a nan suke son ka zauna minti 40.

Akwai wanda ya ce in sauƙaƙa wa kaina in yi da mota otomatik. Na ƙi, don wanda ya ci da otomatik ita kaɗai aka yarje masa, wanda ya ci da mai giya kuwa duka biyun nasa ne, tawa kuma mai giya ce.

Jarrabawa ta biyu ba ta da labari mai yawa. Safiya ce mai hazo, mace ce ta gwada ni. Ta sa na tsaya a hannun dama na titi, na yi baya tsawon mota biyu, na sake shiga hanya. Ta sa na yi tsayawar gaggawa. Na ɓata hanya sau ɗaya, na'urar ta ce dama na riga na shiga layin hagu, na bi layina na tafi hagu, don ɓatan hanya ba laifi ba ne, yanke layi ne laifi. A wata mahaɗa na ga rata irin ta Agusta sak. Na bar ta. Na ƙirga motoci shida kafin in samu wadda ba sai na yi lissafi ba. Ƙananan kurakurai biyar, ɗaya daga ciki na jinkiri ne, ina jin a mahaɗar nan na same shi.

Ta karɓi koren katin, ta ba ni takardar shaida, ta ce zan iya tuƙi daga yanzu ba sai na jira sabon ya iso ba. Malamata ce ta tuƙa mu zuwa gida, ta ce ba ta barin wanda ya ci jarrabawa ya riƙe sitiyari a wannan awa. Da yamma na ɓamɓare L ɗin, na je na ɗauko yara.

Katin mai ruwan hoda ya iso cikin mako biyu. Hoton da ke jiki sai an sabunta shi duk shekara 10. Akwai kuma wani wa'adin da ya fara daga ranar da na ci: a ƙarƙashin dokar sababbin direbobi ta 1995, duk wanda ya tara maki 6 cikin shekara biyu na farko, an soke lasisinsa, ya koma koren kati da jarrabawa biyu daga tushe. Riƙe waya a hannu kana tuƙi, sau ɗaya, maki 6 ne. Dokar ba ta tambayar shekarunka na haihuwa ko na sitiyari. Wannan karon na rubuta ranar a kalandar kicin tun a daren farko.

Na juya bayan katin ina neman inda aka ambaci shekaru 16 ɗin nan. A layin ƙananan motoci, ranar da aka rubuta na fara zama direba ita ce ranar wannan safiya mai hazo ta Janairu. Da na kira inshora don a sake gyara takarda, yarinyar da ta ɗauki waya ta tambaye ni tsawon lokacin da na yi da cikakken lasisin Birtaniya. Na ce mata kwana goma sha ɗaya.